Katin hoto ɗaya, ƴan wasa huɗu: masu gidajen gem su yi lissafi tukuna

Jama'ar Gaya: Kwanan nan wata magana tana yawo tsakanin samarinmu masu gidajen gem: wai a sayar da PlayStation, a haɗa kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, a raba ta gida uku ko huɗu, kowane yaro da allonsa da abin bugawarsa.

Ba ƙarya ba ce, ana yi. Cikin kwamfuta ɗaya ana iya ƙirƙirar wasu kwamfutoci na manhaja, kowace tana aiki kamar mai zaman kanta. Matsalar tana wajen katin hoto, wanda shi ke zana duk abin da ake gani a wasan. Hanyar da aka fi sani ita ce a miƙa katin gaba ɗaya ga kwamfutar manhaja guda. To daga nan uwar kwamfutar ta rasa shi, sai in tana da wani ƙarami a jikinta. Kamfanin Nvidia ma sai a 2021 ya yarda a yi haka da katunansa na GeForce. Rabawa tsakanin mutane da yawa kuma, ko dai katin manyan kamfanoni mai lasisi, ko dabarar Hyper-V ta Windows, wadda ke son mai haƙuri da ilimi.

Mun san abin da ya jawo tunanin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka rufe gadar Malanville, kayan Kwatano suka koma shigowa ta kwale-kwale, da tsadarsu. Najeriya kuma ta yanke mana kuran watanni, kowa ya ɗanɗana kuɗin man janareta. Wanda ya ga haka dole ya so inji ɗaya maimakon huɗu.

Amma mu dai a ganinmu, kar kowa ya yi gaggawa. Katin RTX 3060 yana da giga 12, in aka raba huɗu kowa ya samu 3, kuma ƙarfin ma rabawa ake. Ƙwallon da ke gudu sumul sai ta fara tsalle-tsalle, yaro kuwa da ya biya dalarsa ba ya jin bayani, gidan maƙwabci zai koma. Wasu wasannin intanet irin su Valorant ma ba su yarda da kwamfutar manhaja sam.

Ga zafin Afrilu, ga ƙura. PlayStation ɗaya in ta mutu, uku na aiki. Katin nan in ya ƙone, an rufe shago ke nan, kuma mai gyaransa sai an nemo shi Yamai ko Sakkwato.

Wanda ke da kwamfutar tun asali, ya gwada da allo biyu, ya ga yadda za ta kai ƙarshen bazara. Wanda kuwa jarinsa duka PlayStation huɗu ne, ya riƙe abinsa.