Kada a toshe bakin rajistar manhaja

Kowace babbar manhaja da kamfani ke tafiyar da albashi, haja ko lissafin kuɗi da ita tana da fayil ɗin da take rubuta duk abin da ya wakana: wa ya shiga, da ƙarfe nawa, me ya taɓa, a ina aiki ya cije. Masu sana'ar na kiransa log. Wata safiya sai manhajar ta ƙi tashi, ta ce an hana ta izinin buɗe wannan rajista, kuskure mai lamba 13 a Linux, mai lamba 5 a Windows.

Sanadin yakan zama ƙaramin abu. Cikin dare na'ura ta adana tsohon fayil ta buɗe sabo, sai sabon ya fito a matsayin mallakar babban asusu, wato root, alhali manhajar da ƙaramin asusu take aiki. Ko an sauya asusun nata an manta da izinin babban fayil. Wani lokaci manhajar kariya daga ƙwayar cuta ce ta riƙe fayil ɗin, ko kuma faifai ne ya cika maƙil. Mai haƙuri zai duba mai fayil da asusun da ke neman shiga, ya daidaita su.

To amma ga manaja tsaye a kan injiniya, ga ma'aikata na jiran albashi. Sai injiniyan ya buga chmod 777, ya buɗe fayil ɗin ga kowa, ko ya kashe rubuta rajistar ɗungurungum. Aiki ya tashi, an yi masa sannu da ƙoƙari. Wannan gyaran gangar auzinawa ne: rajistar da kowa zai iya gogewa ba ta zama hujja, wadda aka kashe kuwa ba ta ga komai ba.

Abin da ya faru a Birtaniya ya isa ishara. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya sama da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda giɓin kuɗin da manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta nuna. An ɗaure wasu, wasu sun tsiyace. Kundin kurakuran manhajar yana nan, amma waɗanda ake tuhuma ba su da hanyar ganinsa. Sai a 2019, a shari'ar da Alan Bates ya jagoranci masu kula da rassa 555, Mai shari'a Fraser ya tabbatar cewa manhajar na da kurakurai, kuma ana iya taɓa lissafin reshe daga nesa.

A Amurka rajista ce ta tona asiri. A watan Yunin 2023 ma'aikatar harkokin waje ta gano masu kutse daga Sin na karanta wasiƙunta na imel, domin tana biyan Microsoft kuɗin ƙarin rajistar da ke nuna saƙon da aka buɗe. A lokacin, masu ƙaramin lasisi ba su da wannan idon. Da suka ta yi yawa, kamfanin ya buɗe ƙarin rajistar ba tare da ƙarin kuɗi ba, ya kuma tsawaita ajiyarta daga kwana 90 zuwa 180.

Saboda haka manajan da aka ce masa an gyara, ya kamata ya tambayi yadda aka gyara, ya nemi a nuna masa layin ƙarshe da manhajar ta rubuta yau, da sunayen asusun da ke iya goge shi.