Tsakanin RAV4 Da CR-V, A Tambayi Bakanike Kafin Dillali

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. Gardamar kuwa ita ce, idan Allah ya hore wa mutum ya tara ɗan abin da ya tara, yana son ƙaramar jif ta zirga-zirgar yau da kullum, wacce ya kamata ya saya tsakanin Toyota RAV4 da Honda CR-V?

Ba sababbi ake nufi ba, domin sabuwa dal sai manya. Ana maganar na hannu ne, waɗanda muke kira Beljiyam, musamman RAV4 ƙirar 2006 zuwa 2012 da CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011. Dukkansu na kamfanonin Japan ne, kuma kusan sa'o'in juna ne, domin an fara ƙera RAV4 a 1994, ita kuwa CR-V a 1995. Tsayinsu daga ƙasa kusan ɗaya ne, tankin mansu ma haka, wajen lita 60. Shi ya sa masu gardamar ke kwana suna yi ba a rabu ba.

Ni dai ra'ayina, jama'a, a wannan yanki namu abin da za a fara dubawa shi ne wacce ce ba za ta tsaya da kai a daji ba, in kuma ta lalace wacce ce bakaniken garinku zai iya tayarwa a yinin ba sai an aika Kano ba. Mutumin Abuja ko Kaduna in motarsa ta mutu a hanya, asararsa ɓata lokaci. Amma wanda tasa ta mutu tsakanin Moriki da Shinkafi da la'asar sakaliya, ko a hanyar Zurmi zuwa Jibiya, kowa ya san abin da ke ransa, saboda 'yan bindigar da suka addabe mu shekara da shekaru. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka yanke layukan waya a duk jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai. A irin wannan lokaci ko kiran bakanike babu hali. To mota a nan ba abin ado ba ce, rai ne kake ɗora mata.

In aka auna da wannan mudu, ni na fi karkata ga RAV4 mai fulogi huɗu. Dalilina na farko kayan gyara. Injinta mai lita 2.4 iri ɗaya ne da na Camry ta waɗannan shekaru, kuma motocin Toyota sun cika ƙasar nan tun daga Corolla har Hiace da Hilux, saboda haka hannun makanikanmu ya saba da su, abin da ba a samu a Ƙaura ba a samu a Gusau, tafiyar wajen awa ɗaya. Ita ma CR-V injinta dangin na Accord ne, ba a rasa kayanta, sai dai sau da yawa wani abin sai an nemo daga Ƙofar Ruwa a Kano, kai kuwa kana zaune kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta wuce ka. Na biyu, Honda ba ta son kame-kame. Kamfanin ya ce man giyarta nasa na musamman za a zuba, to a ƙauye wa ke da wannan? Yaron gareji zai ɗauko wanda ya samu ya ɗura, bayan 'yan watanni giya ta fara fizga, a ce mota ce ba ta da kyau. Na uku, ranar da buƙata ta taso, ko rashin lafiya ko aurar da ɗiya, Toyota ta fi saurin samun mai saye ba tare da an karya ta ƙwarai ba.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. CR-V tana da nata alherin. Cikinta ya fi daɗin zama, tana da kyan tuƙi a kan kwalta, kuma sau da yawa kuɗinta bai kai na RAV4 ba. Malamin da ke koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wanda tafiyarsa ba ta wuce Ƙaura zuwa Gusau, kuma yana da bakanike tsayayye, in ya sayi CR-V bai yi laifi ba. Haka kuma RAV4 ba waliyiya ba ce. Sanannen abu ne cewa masu injin 2.4 na 2006 zuwa 2008 da yawansu suna shan baƙin mai, in ba ka duba sandar mai a kai a kai wata rana injin zai buga. Daga 2009 aka sa mata injin 2.5, wanda ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma mai fulogi shida, injin 3.5. Dillali zai ce maka jirgi ce, gaskiya ne tana da gudu, amma ɗan tireda da ribarsa ba ta wuce ta cefane ba me ya haɗa shi da ita?

Maganar mai kuwa ba ta wasa ba ce. Kafin Shugaba Tinubu ya cire tallafi ran 29 ga Mayu 2023, lita tana wajen Naira 200, wato da Naira 12,000 ka cika tanki. A watan Oktoba na 2024 lita ta haura Naira 1,000, tanki ɗaya ya koma Naira 60,000 ko fiye. Kowa ya ɗauki alƙalami ya lissafa buhu nawa na gero ko wake zai sayar a wata kafin ya ciyar da wannan baƙuwa, ban da taya da birki da lasin. Hausawa sun ce sayen doki ba wuya, harawar ita ce aiki.

Wani abin da ake rufe mutanenmu da shi shi ne, suna zaton kowace jif tana ja da ƙafa huɗu. Ko alama. Da yawa daga waɗanda ake kawowa daga Amurka, RAV4 ɗin da CR-V ɗin, ƙafafun gaba kaɗai ke ja, ba su da bambanci da ƙaramar mota sai tsayi. Wanda gonarsa ke fadamar Gagare ko Bunsuru, inda rairayi ke kama mota da rani, laka ta kama ta da damina, sai ya sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya gani da idonsa. Rubutun da ke manne a bayan mota ba shaida ba ne, a kasuwa ake sayar da shi. Kuma ko mai ƙafa huɗun ce, ba tarakta ba ce, ba Kanta ba ce. Mutum biyar da buhu biyu ko uku ya ishe ta. Mai son ya labta mata buhu goma na dawa ya san cewa shi da mai sayar da shokozoba sun ƙulla zumunci.

Sai takardu. A watan Janairu na 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma mu da ke kusa da Jibiya da iyakar Nijar mun san yadda ake biyo da wasu ta ɓarauniyar hanya. Motar da aka ce maka araha ce ƙwarai, a nemi takardar kwastam, a gwada lambar da ke jikin takarda da wadda ke jikin mota. Araha ba ta ado. In jami'an kwastam suka tsare ta a hanyar Funtuwa ko Zariya, dillali ya riga ya ci la'adarsa, kai ne za ka yi ta safa da marwa.

Don haka shawarata ga ɗan'uwa mai niyya ita ce, ka tafi da bakaniken da zai riƙa gyara maka, ka biya shi kuɗin yininsa, kada ka yarda da wanda dillali ya kawo. A tayar da motar da sanyin safiya a ga ko tana hayaƙi, a duba lagireto, a hau hanya mai gargada a saurari ƙafafunta, a ga yadda giya ke shiga. CR-V mai lafiya ta fi RAV4 da aka gama tatsa, kamar yadda lafiyayyen jaki ya fi gurgun doki. Amma in duka biyun lafiyarsu ɗaya, kuɗin kuma bai yi nisa da juna ba, to a ɗauki RAV4 mai fulogi huɗu, in da hali ta 2009 zuwa sama. A kuma guji baƙin gilashi da kwalliyar da za ta sa a ɗauka wani babban mutum ne a ciki, domin a hanyoyinmu yanzu jan ido ba riba ba ne.

Daga ƙarshe ina jan kunnen 'yan'uwana manoma, don Allah kada a sayar da gona ko shanun huɗa ko a cinye jarin tireda saboda a ce wane ya yi jif. Gona tana haihuwa kowace shekara, mota kuwa tun ranar da ka saye ta take tsufa. In kuɗin bai isa ya sayi motar ya kuma bar na gyara da na mai ba, babur ɗinka da motar haya ba abin kunya ba ne. Ina kuma kira ga gwamnatin jihar Zamfara da ta tarayya su dubi Allah su tsare mana hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya, su kuma riƙa gyara su a kan kari, domin in hanya ta yi kyau kuma akwai tsaro, ko Golf ta ishi talaka.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.

Naku a kullum,
Wani manomi ɗan tireda,
Ƙaura Namoda, Jihar Zamfara.