Teku a can, daji a nan: darasin Cape Verde ga ƙwallon Batsari da Safana

Ranar 13 ga Oktoba, 2025, Cape Verde ta lallasa Eswatini da ci 3 da nema a birnin Praia, ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a karon farko, ta bar Kamaru a baya. Mutanen ƙasar ba su wuce rabin miliyan da ɗoriya ba. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari da Safana, idan an haɗa su, kusan mutum 400,000, kuma shekarun da suka biyo baya ba ragewa suka yi ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka tsara gasar cikin gida. Tsibirai tara ne ake zaune a kansu, ga teku a tsakani, ga tsadar jirgi. Saboda haka kowane tsibiri yake buga gasarsa a gida. Santiago da Santo Antão an raba kowanne arewa da kudu, shiyyoyin suka zama 11. Sai an fitar da zakaran kowace shiyya sannan a haɗu a gasar ƙasa, wadda ba ta daɗewa. Tafiya kaɗan, wasa da yawa.

Mu ba mu da teku, amma muna da dajin Rugu. Shekarun ɓarayin daji sun mayar da Ruma da Wagini da Runka da Babban Duhu tamkar tsibirai. Ba uban da zai bar ɗansa ya kama hanya bayan la'asar don ƙwallo, kuma da gaskiyarsa. Duk gasar da aka gina a kan zirga-zirgar mako-mako tsakanin garuruwan nan, a takarda za ta ƙare. Ra'ayina shi ne kowace mazaɓa ta yi tata gasar a filin firamarenta, a yi wa 'yan wasa rajista da sunansu da shekarunsu na gaskiya, a ajiye sakamako. Zakaru su haɗu sau ɗaya a shekara, da rani, da rana tsaka, a hedikwatar ƙaramar hukuma. Wanda ya yi nasara ya je filin Muhammadu Dikko a Katsina, inda masu zaɓo wa Katsina United 'yan wasa za su gan shi.

Za a ce ai yawancin tawagar Cape Verde a Turai aka haife su ko aka horar da su. Haka ne. Roberto Lopes haifaffen Dublin ne, ta LinkedIn aka nemo shi. To, mu ma muna da namu na waje: samarin da rashin tsaro ya koro zuwa Katsina da Kano, suna murza leda a filayen unguwanni da sunan wasu garuruwa. A ba kowace mazaɓa damar rubuta uku ko huɗu daga cikinsu a gasar zakaru. Sai dai kafin nan, wani ya zauna da littafi da biro ya rubuta su waye, kuma ina suke.