Marubuci Ba Ɗan Tallar Magani Ba Ne

Yau da ƙorafi na zo.

Kwanan nan na ga wani rubutu yana yawo, wai an samo na'urar da ake ɗora wa mutum a ka ta raba shi da ciwon baya har abada, don haka a manta da tausa da motsa jiki. Da yawanmu mun tura shi gaba ba mu tambayi komai ba. Wannan ganganci ne.

Na'urar ba ƙarya ba ce. Ana kiran hanyar tDCS: ana manna wayoyi biyu a fatar kai, a saki lantarki mara ƙarfi na kimanin minti 20. Dalilin gwada ta shi ne, idan ciwo ya wuce wata uku, ƙwaƙwalwa kan ci gaba da jin zafi ko da raunin ya warke. Amma gwaji daban, waraka daban. A 2015 an gwada ta a Jamus a kan mutum 135 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ba ta fi na'urar bogi amfani ba.

Ita kuwa tausar da aka raina, tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a ƙa'idojinta na 2023, tare da motsa jiki da ilimantar da majinyaci. Ita ma sauƙi take kawowa na ɗan lokaci, shi ya sa ake haɗa ta da motsa jiki. Kuma ana nufin hannun wanda ya koya, ba mai hawa bayan mutum yana tattakawa ba.

Wani zai ce, "Ni ba likita ba ne, labari kawai na bayar." To, da alƙalaminka ka bayar. Dattijuwar da ta shekara tana salla a zaune, ɗanta zai karanta, ya yarda da kai, ya ci bashi yana neman na'ura. Magana zarar bunu ce.

In za ka yi rubutu a kan ciwon baya, faɗi abin da zai ceci wani: wanda ƙafafunsa suka fara mutuwa, ko fitsari yake ƙwace masa, ko yake ramewa da zazzaɓi, ya tafi asibiti yau.

Ka bincika kafin ka wallafa. In ba za ka iya ba, rubuta labarin soyayyarka, ka bar bayan mutane.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.