MANYAN KAMFANONIN MAGANI SUN BAR KIWO SUN KOMA FATAUCI

A cikin watan Agusta na 2023 ne kamfanin GSK na Ingila ya ba da sanarwa zai naɗe tabarmarsa a Nijeriya bayan fiye da shekara 50, ya bar wa dillalai sayar da kayansa. Kafin shekarar ta ƙare, kamfanin Sanofi na Faransa shi ma ya bi sahu. Duk wanda ya je kantin magani a Agege ko Sabon Ibadan neman Augmentin ko Ventolin a watannin da suka biyo baya, ya ji a jikinsa. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan faɗuwar Naira da ƙarancin dala, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma akwai wata ƙaura da ta fi wannan girma, wadda ba a ganinta a kanti, watau ƙaurar da manyan kamfanoni suka yi daga binciken cututtukan talakawa zuwa binciken cututtukan masu hali.

'Yan'uwa masu sana'ar shanu a nan kudu su ne za su fi saurin gane wannan al'amari. A da, babban kamfanin magani kamar makiyayi yake: yana da ɗakunan bincikensa, da masanansa dubbai, yana renon magani tun yana maraƙi har ya zama bajimi. Yau kuwa yawancinsu sun zama fatake. Sai su zauna su zuba ido, ƙananan kamfanoni da jami'o'i su sha wahalar kiwo, in sa ya yi kitse su zo kara da jakar kuɗi su saye shi tare da mai shi.

Ga misali. A 2009 kamfanin Pfizer na Amurka ya saye kamfanin Wyeth a kan dala miliyan dubu 68. Bayan shekara 2 sai ya ba da sanarwar rufe babbar cibiyar bincikensa ta garin Sandwich a Ingila, mai ma'aikata wajen 2,400, inda aka gano amlodipine ɗin da masu hawan jini suke sha kullum. A 2018 ya bar binciken cutar mantuwa ta tsofaffi da ta makyarkyata. A 2023 kuma ya fitar da dala miliyan dubu 43 ya saye Seagen, wani kamfani mai maganin ciwon daji. Haka kamfanin Gilead ya saye Pharmasset a kan dala miliyan dubu 11, cinikin da aka ƙulla a 2011, ya gaji maganin ciwon hanta mai suna Sovaldi, ya sa masa farashin dala 1,000 kowace ƙwaya ɗaya a Amurka, watau dala 84,000 kafin majinyaci ya gama shan na mako 12.

Adalci shi ne a saurari hujjar kamfanonin, don ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Sabon magani yakan ci shekara 10 ko 15 kafin ya isa kanti. Cikin magani 10 da aka fara gwadawa a jikin mutane, wajen 9 faɗuwa suke yi a hanya, kuɗinsu ya bi ruwa. Masana na Jami'ar Tufts ta Amurka sun ƙiyasta a 2014 cewa fito da magani ɗaya yana cin dala miliyan 2,600 idan aka haɗa da asarar waɗanda suka faɗi, ko da yake wasu masanan sun ce lissafin ya yi yawa. Takardar mallaka kuwa shekara 20 ce, kuma tun daga ranar da aka nema ake fara ƙirga, saboda haka kusan rabinta a wurin gwaji take ƙarewa. Da ta ƙare, kamfanonin Indiya da sauransu sai su yi irinsa su sayar da araha. Ke nan kamfani kullum neman sabon sa yake yi kafin a yanka tsohon.

To, falke da ya san kuɗinsa na cikin haɗari, ina zai kai kayansa? Sai kasuwar da ake biya. Wannan ne ya sa kuɗin bincike ya karkata zuwa ciwon daji, da cututtukan da ba safai ake samunsu ba, da kuma ƙiba. Keytruda na kamfanin Merck, maganin ciwon daji, shi kaɗai ya yi cinikin dala miliyan dubu 25 a 2023. Alluran ciwon sukari da rage ƙiba irin su Ozempic da Mounjaro sun sa kamfanonin Novo Nordisk da Eli Lilly sun shiga sahun gaba a duniya. Babu mai cewa waɗannan cututtuka wasa ne. Abin tambaya shi ne, me aka bari a baya?

Na farko, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau dangin fenisilin. AstraZeneca ya sayar da yawancin nasa a 2016, Sanofi da Novartis suka janye daga binciken a 2018. Dalili kuwa a fili yake. Maganin hawan jini ana shan sa har ƙarshen rai, amma wannan kwana 7 ne a gama, kuma in sabo ne mai ƙarfi likitoci ɓoye shi suke yi sai ranar da sauran suka gaza. Wani ƙaramin kamfani mai suna Achaogen ya samu izinin sayar da sabon irin wannan magani a Amurka a 2018, bai yi cinikin ko dala miliyan 1 ba a shekarar, ya karye a 2019. Alhali kuwa wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Na biyu, allurar sarar maciji. Manomin Kaltungo ko na kwarin Binuwai ya san abin da kububuwa take yi. Sanofi yana da wata allura mai suna Fav-Afrique da ke maganin dafin macizan Afirka iri-iri. Ya daina yin ta saboda ba ta riba, kashi na ƙarshe ya tashi aiki a watan Yuni na 2016.

Na uku ya fi ban takaici. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da shi kowace shekara. A ƙarshen 2023 aka amince da wani magani mai suna Casgevy wanda ke gyara cutar daga tushenta, aka sa masa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka. A nan an yi binciken, an yi nasara, amma ba don yaron Mushin ko na Fagge ba.

Wannan ba sabon hali ba ne. Cikin sababbin magunguna 1,393 da aka fitar tsakanin 1975 da 1999, guda 16 kacal ne na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. Saboda haka zagin kamfanoni ba zai warkar da kowa ba. Kamfani ba gidan zakka ba ne, masu hannun jari ne ke tambayarsa lissafi duk wata 3. Wanda ya je kara ya tsaya yana yi wa falke wa'azi, da igiya kawai zai koma gida. Abin da falke yake ji shi ne kafin alƙalami da tabbacin mai saye.

An gwada haka kuma an ga amfaninsa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, galibi a Arewa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka samu dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates, suka fara da tambayar gwamnatocin Afirka nawa za su iya biya. Amsa ita ce kada allura ɗaya ta wuce rabin dala. Manyan kamfanoni ba su ga riba a haka ba, sai kamfanin Serum na Indiya ya karɓi aikin. Aka fara yi wa jama'a allurar MenAfriVac a Burkina Faso a watan Disamba na 2010, ta iso Nijeriya a 2011, kuma irin sanƙarau ɗin da take tarewa ya kusan ɓacewa daga yankin. Haka kuma haɗin gwiwar Novartis da wata ƙungiyar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ta Janeba ya haifar da Coartem na jarirai, wanda aka amince da shi a watan Yuli na 2025. Ingila ma tun 2022 ta fara biyan kamfanoni 2 kuɗin shekara-shekara a kan sababbin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ko an sha da yawa ko an sha kaɗan, domin kada rijiyar ta ƙafe.

Ina Nijeriya a cikin wannan lissafi? A Yaba, nan cikin Ikko, akwai ɗakin gwamnati da ya yi shekaru yana yin alluran rigakafin agana da shawara da cizon mahaukacin kare. An rufe shi a 1991 da sunan gyara, aka shafe fiye da shekara 30 bai sake fitar da allura ba. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa Niprisan na amosanin jini daga tsirran ƙasar nan, aka ba wani kamfanin Amurka lasisi a 2002, daga baya aikin ya tsaya cik. A Abuja ɗin dai shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Wanda bai ajiye ko akuya ba, da wane baki zai zargi wanda ya sayar da garkensa?

Abin da ya kamata a yi ba boyayye ba ne. Gwamnatin Tarayya da na jihohi su haɗa kai da maƙwabta irin su Nijar da Gana su riƙa sayen allurar sarar maciji da magungunan amosanin jini a dunƙule, da kwantiragi na shekaru, kuma a biya a kan lokaci, domin duk mai niyyar kafa masana'anta ya san akwai mai saye. A ba cibiyoyin bincike da asibitocin koyarwa kuɗi na dindindin, kada a bar su da albashi kawai. 'Yan majalisa kuma da suke zuwa zango-zango neman ƙuri'a, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa suna da ikon tambayarsu nawa aka ware wa wannan aiki.

Jama'a ma da nasu kason. Kafson nan ja da rawaya da masu talla suke sayarwa ɗai-ɗai a tasha, mutum ya haɗiye 2 don ciwon ciki ko gajiya ya kama gabansa, shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta yadda za su bijire wa magani. A da in wani ya daina ci sai a fito da sabo. Yanzu masu fito da sabon sun yi ƙaranci, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. A bar shan irin wannan magani sai da umarnin likita, in kuma an rubuta, a sha shi yadda aka ce har ya ƙare. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana.