Hoton Ƙananan Samfura: Haɗa Akwatinka da Kwali, Ka Kashe Kuɗin a Kan Fitila

Duk wanda ya kwashe makonni yana haɗa ƙaramin samfuri, ko ɗalibin zayyanar gine-gine ne a ABU Zariya, ko mai harhaɗa motocin sikeli 1:24, ko mai aiki da firintar 3D, a ƙarshe hoto ne zai wakilce shi. Kwastoma da mai ɗaukar aiki yawanci a waya za su ga abin. Idan hoton ya fito dishi-dishi, wahalar ta tashi a banza.

Shi ya sa mutane ke sayen akwatin haske a Jumia ko AliExpress. Ni a ganina, ga mafi yawanmu akwatin ne abu na ƙarshe da ya cancanci kuɗinmu.

Aikin akwatin ɗaya ne: ya baza haske. Ƙaramin ƙwan fitila yana jefa inuwa mai kaifi, ya sa fenti ya riƙa ƙyalli. Idan hasken ya ratsa farin yadi, yadin gaba ɗaya ya zama fitila mai faɗi, sai inuwar ta yi laushi. Kwalin taliya zai yi wannan aikin. Ka yanke tagogi a gefe biyu da sama, ka manna farin yadi mai shara-shara, ka shimfiɗa farar takarda mai kauri daga bangon baya zuwa ƙasa a lanƙwashe don kada kusurwa ta fito. Haske bai san kuɗin akwati ba.

Na kwali ma ya fi ta wani ɓangaren. Yawancin akwatunan masu araha a sama fitilunsu suke, hasken ya zubo daidai ta ko'ina, sai samfurin ya fito a baje kamar kayan talla. Gini kuwa yana buƙatar haske daga gefe guda, kamar hantsi, don baranda da tagogi su nuna zurfinsu. Da fitilar da ke hannunka, kai ne mai zaɓar inda rana za ta fito. Ga kuma girma: samfurin unguwa guda ba zai shiga akwati mai faɗin santimita 40 ba.

To ina kuɗin za su tafi? Na farko, ƙwan fitila. Ka nemi LED mai 5000K zuwa 5500K, wato kusa da hasken rana, wanda CRI ɗinsa ya kai 90. Wannan lambar ce ke nuna ko launin fenti zai fito yadda yake. Ƙwayayen su zama iri ɗaya, kuma ka kashe fitilar ɗakin, domin kyamara ba ta iya daidaita farin haske da ruwan ɗorawa a lokaci guda. Ka kuma sani wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, ƙwai mai arha kan yi ƙifce sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani, amma kyamara na fitar da shi a matsayin baƙaƙen layuka. Ka haska ƙwan da kyamarar wayarka tun a shago kafin ka biya.

Na biyu, mariƙin waya mai ƙafa uku. Daga kusa, ɗan motsin hannu kaɗan ya isa ya ɓata hoto. Da mariƙi za ka ja baya, ka yi amfani da kyamarar 2x ko 3x idan wayarka na da ita: siffar ba za ta karkace ba.

Akwai kuma abin da ba a saye: tsayin kyamara. Mutum mai kallo daga mita 1.7, a sikeli 1:24 ya koma kusan santimita 7. Ka sauke kyamara zuwa nan, motar za ta daina kama da abin wasan yara.

Na kanti yana da ranarsa. Yana naɗewa, ana goge shi idan ƙurar hunturu ta sauka, kuma mai amfani da USB zai yi aiki da fawa bank ko an ɗauke wuta. Mai sayar da kaya da ke ɗaukar hoto hamsin a mako, yana son su fito iri ɗaya, ya saya, bai yi asara ba. Mai na kwali kuma ya guji tsohon ƙwai mai zafi kusa da yadi, gudun gobara.

Amma idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ka je Sabon Gari ka sayi ƙwai mai kyau. Kwalin, mai shagon unguwarku zai ba ka.