Kiwon Lafiya: Ƙamshi Da Fargabar Asibiti

Matan Keana, waɗanda tun kaka da kakanni suka shahara da dafa gishiri, ba raggaye ba ne. Amma a can, kamar ko'ina a ƙasar nan, akan sami mace mai juriyar wuni gaban murhu, da an ce ta hau gadon asibiti a duba mahaifarta sai gabanta ya faɗi, ta yi ta ɗaga ranar zuwa.

Wannan fargaba tana da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata wajen 12,000 suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka rasu, alhali cuta ce da akan shawo kanta in an gano ta da wuri.

Shi ya sa likitoci suka waiwayi ƙamshi, abin da matanmu suka daɗe da sanin daɗinsa a turaren wuta da humra. Hanci yana da hanya ta kusa zuwa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da natsuwa. In hankali ya kwanta, jiki yakan saki, aikin ungozoma ya zo da sauƙi.

A ƙasar Iran, cikin 2012, an buga sakamakon wani gwaji a kan matan da za a sa wa robar tazarar haihuwa. An ba waɗansu man furen lavanda suka shaƙa. Fargabarsu ta ragu, amma zafin da suka ji bai bambanta da na sauran ba. Ashe ke nan ƙamshi ba ya maye gurbin maganin kashe zafi, kuma mace tana da haƙƙin ta nemi a ba ta shi.

Sai dai a yi hattara. Kada a kai garwashi ɗakin jinya, domin hayaƙi yana tayar da asma. Kada kuma a yi matsi ko tsuguno kafin gwaji, don yakan ɓata sakamako. Ɗigo biyu na turare a hankici sun wadatar, bayan an shaida wa ma'aikaciyar jinya.

Magidanta kuwa, nasu shi ne ba da izini da kuɗin mota, ko asibitin garin ne ko na birnin Lafiya. Allah Ya ba mu lafiya, amin.